Kwamfutar da Ta Ce Gulbi Ya Ƙafe

Samarin da ke zuwa shagona a Sinnar don a gyara musu caja ko batir suna yawan ce mini sana'ata ta zama wasa. Wai yanzu mutum zai gaya wa waya abin da yake so, ta rubuto masa manhaja, ya kwafe ya ɗora, shi ke nan. Ba na musu da su, don na ga waya ta rubuta abin da ya yi aiki. Sai dai akwai aiki ɗaya da nake so su ji yadda ya kasance, kuma da yake ba sa zama su ji magana har ƙarshenta, na ga gara in rubuta.

Abin da nake yi shi ne in haɗa ƙaramar kwamfuta da inji, in rubuta mata abin da za ta riƙa yi: ta kunna, ta kashe, ta auna zafi ko nauyi ko ruwa, ta tsayar da inji kafin ya lalace. Ban yi jami'a ba. Da na gama sakandare mahaifiyata, Hajjo, ta sa ni a mota zuwa Hasahisa wurin yayanta, Kawu Ɗahiru, ta ce ya koya mini abin da zan ci abinci da shi.

Kawu ma bai yi jami'a ba, ko da yake duk kasuwa Muhandis, wato injiniya, ake ce masa. A da mai zanen taswirar magudanan ruwa ne. Manhajar da suke zane da ita tana da wani harshe a cikinta da ake kira Lisp, sai ya koye shi don ya gaji da zana kwalbati iri ɗaya da hannu kullum. Harshen ya shiga ransa. Da ya bar aikin ya buɗe shago a layin masu gyaran rediyo, bai yarda ya koma wani harshe ba, duk da abokan sana'a suna yi masa dariya wai ya riƙe harshen tsofaffi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Mita ta auna wuta, ƙarfen narka dalma, burushin aski da muke share allunan lantarki da shi, kebur mai tsawo, sai kwamfutar hannu da haruffanta suka goge saboda dannawa. Da kunne ya koya mini. A Lisp kowane umarni sai an buɗe masa baka an rufe, irin bakan da ake sa wa kalma a rubutu, kuma wani yana shiga cikin wani. To sai in rubuta abu, ya ce in karanto masa da ƙarfi yana can yana narka dalma bai ko dubo ni ba. Da Larabci muke faɗin bakan: iftah gos, agfil gos, buɗe baka, rufe baka. Ina cikin karatu sai in ji ya ce, "Tsaya, ɗan Hajjo. Ka buɗe uku ka rufe biyu. Ɗayan wa ka bar wa, maƙwabta?" In na duba, haka ne.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai na wata mata ne mai kiwon kaji a nan Sinnar. Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai gare ta, tana so a sa masa abin da zai daidaita zafi ya kuma juya ƙwan. Na gama, na tsaya ina yi mata bayanin yadda na tsara manhajar, ina jin kaina. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Yaro, ni ban san Lis ba, ban san uwarsa ba. Ƙwai nake so ya fashe in ga ɗan tsako." Haka masu ba mu aiki suke, kuma suna da gaskiya. Babu wanda ya taɓa zuwa wurinmu don yana son kwamfuta. Ruwa suke so, ko gari, ko 'yan tsaki.

Akwai abu ɗaya game da Lisp da sai na bayyana kafin in ci gaba. Kwamfuta tana da wurin da take ajiye abin da take aiki da shi a lokacin, mu ɗaki muke ce masa. A wasu harsuna, irin su C, mai rubutu shi zai nemi wuri a ɗakin, shi zai mayar idan ya gama, in ya manta ɗaki ya cika aiki ya tsaya. Lisp ya ɗauke wa mutum wannan wahala. Yana da wani sashe da ke jira sai ɗaki ya cika, sannan ya tsayar da komai na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya zubar da abin da aka gama da shi, ya tattara sauran ya matsar da su gefe guda don a samu fili. A littattafai gabej kolekta ake ce masa, Kawu kuwa mai shara yake ce masa. Mai shara yana da amana: duk abin da ya matsar, sai ya bi kowane sashe na manhajar ya gyara masa adireshin, ta yadda babu wanda zai nemi kayansa ya rasa. Shi ya sa mai rubutu da Lisp yakan yi shekaru bai tuna da shi ba.

Turumbar ƙauyenmu, wato famfon da ke ɗebo ruwa daga gulbin Nilu, ita ce aikin da nake son ba da labarinsa. Ƙauyen yana kudu da Mai Wurno kaɗan, can mahaifiyata take. Lajnar manoma, kwamitin da ke kula da ban ruwa, ta haɗa ƙarfi ta sayi turumba mai aiki da farantan sola, aka kira Kawu ya sa mata tsaro. Injin turumba ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. In bakin bututu ya fita daga ruwa inji yana ta juyawa, ba a jimawa koyil, wayar da ke naɗe a cikinsa, ya ƙone. Sai Kawu ya ɗaura ma'auni a bakin bututun, ya sa kwamfuta a ɗakin turumba tana tambayar ma'aunin ba hutawa. Da zarar ya ce babu ruwa, ta kashe inji, ta kulle, ta rubuta a ɗan allonta, ba za ta sake kunnawa ba sai mutum ya gangara ya duba ya dawo ya danna maɓalli.

Waɗanda suka ƙera ma'aunin sun haɗo shi da ɗan guntun manhajarsu da aka rubuta da C, a rufe, ba ma ganin cikinsa. Lisp ɗinmu yakan kira shi, ya ba shi adireshin wani ɗan wuri a ɗaki, kamar ya ce masa, je ka tambayo ma'auni, ka ajiye mini amsa a nan. Irin wannan shi muke ce wa kiran baƙo, don wanda aka kira ba ɗan gida ba ne. Muka gama, muka damƙa ɗakin ga Baba Isyaku, dattijon da lajna ta ɗora wa kula da turumba. Shekaru turumbar tana aiki ba a taɓa kiranmu ba sai don gaisuwa. Ni kuma a tsakani na buɗe shagona a Sinnar.

Sai shekarar da yaƙi ya iso Jazira, yankin da Hasahisa take. Ba zan faɗi abin da kowa ya sani ba. Mutane suka yi ta gangarowa kudu, a manyan motoci, a amalanke, a ƙafa. Na rufe shago na koma ƙauye. Kawu ya iso a bayan wata babbar mota da ke ɗauke da mutanen unguwarsu, ba shago, ba kaya, sai kwamfutar hannu da mita a cikin rigar matashin kai. Dama yana fama da ciwon ƙoda, kuma hanyar da yake bi zuwa wankin ƙoda a asibiti ta rufe. Mahaifiyata ta shimfiɗa masa a angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida inda iska take.

Azuzuwan makarantar ƙauye suka cika da baƙi, kowane gida ma haka. Ruwan da a da ke isar gonakin albasa da ayaba yanzu shi ne na sha, na girki, na wanki. Lajna ta ja bututu zuwa wani tanki kusa da makaranta, ta samo janareta don turumba ta ci gaba da aiki bayan rana ta faɗi. Ba a jima da yin haka ba kwamfuta ta fara ƙarya.

Turumba tana cikin aiki sai ta tsaya, allo ya ce babu ruwa, alhali gulbi na nan cike kowa yana kallonsa. Baba Isyaku ya gangara gaɓa da sandarsa, ya ga bututu a nutse, ya hawo yana haki, ya danna maɓalli. Ta yi kwana da wani abu lafiya, ta sake. Ba ta da lokaci, yau da hantsi, jibi da la'asar, wani sa'in kuma sai an wayi gari a tarar tanki wayam, mata sun jera jarkoki har bakin masallaci. Na sauya kebur. Na cire ma'aunin na wanke, na gwada shi a cikin bokiti, lafiya lau. Na auna batir, na ɗaure kowace waya. Ban zargi manhajar ba, don manhaja ba ta tsufa, kuma wannan ta yi shekaru ba ta yi kuskure ba.

Lajna ta kira taro a ƙarƙashin dogon yaro. Usta Bello makanike, wanda ke kula da janareta, shi ya fara magana. Mutum ne mai ƙwazo da zafin baki, kuma a gidansa kaɗai akwai iyalin ƙannensa biyu da suka taso daga Jazira.

"Ya jama'a, maganar ga gajera ce," in ji shi. "Waya biyu ce. In yanke, in haɗa inji kai tsaye, halas, an gama. Akwatin ga makaho ne. Gulbi na gabanshi shina cewa babu ruwa."

Na ce, "Usta, bazara na tafe. Gulbi na ja da baya. Ranar da bututu zai fito ba mai tsaro, koyil zai ƙone, kuma ka fi ni sanin babu inda za a samo wani inji yanzu."

"Ya zol, bawan Allah, kai kana maganar ranar da ba ta zo ba. Ni ina maganar yau. Matata tun asuba take layi. Ka je ka gaya mata bazara."

Aka yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba. Dukanmu biyu muna da gaskiya, abin da ya sa taron ya yi tsawo ke nan. A ƙarshe aka ce a ba ni zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci ban gano ba, Usta Bello ya yanke.

Na koma gida na zauna a tabarma gefen angarib ɗin Kawu, na buɗe kwamfutar hannu. Idonsa ya yi rauni a lokacin, ba ya iya karanta allo, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce, "Karanto." Na fara daga sama kamar yadda nake yi a shago, iftah gos, agfil gos, shi kuma idonsa a rufe, yatsansa yana motsi a kan igiyar gado.

Mahaifiyata ta fito daga madafa da kisra, wainar dawa, a hannu ta ce, "Sa'idu, ba ka da tausayi? Mutum na kwance kana yi mishi karatun aljanu."

"Bar shi, Hajjo," in ji Kawu. "Tun da na zo garin ga kowa sannu yake ce mini. Wanga kaɗai ya kawo mini magana."

Muka karanta manhajar daga farko har ƙarshe, muka sake washegari. Kunnensa bai kama komai ba. Ya ce in kai shi ɗakin turumba a amalanke, mahaifiyata ta ce sai dai a bi ta kanta.

Ranar Laraba da hantsi Baba Isyaku ya zo duba marar lafiya, ya kawo lemun tsami a aljihu. Suka gaisa, aka kawo shayi. Baba ya ce ƙafafunsa sun gaji da hawa da gangara, sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai Muhandis, in za a bi tawa, gajiya ce ke damun abin ga. Tun da anka kawo janareta ba a bar shi ya huta ba."

Kawu ya buɗe ido. "Mi ka ce, Baba? Da can hutawa yake?"

"Kullum. In rana ta faɗi turumba ta tsaya, sai in zare wayarshi, in lulluɓe shi da tsohuwar jallabiyata, in tafi masallaci. Da safe in buɗe in mayar. Jakina ma ba ni barinshi da sirdi ya kwana, balle abin da munka sa dukiyar jama'a."

"Wa ya ce ka riƙa zare wayar?"

"Ba kowa. Na yi laifi?"

Kawu ya fara dariya. Dariyar ta jawo masa tari, mahaifiyata ta taho da ruwa tana harararmu, shi kuma yana ɗaga hannu wai a ƙyale shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, ba ka yi laifi ba. Shekara da shekaru kana rufa mini asiri ban sani ba." Ya juyo gare ni. "Ɗan Hajjo, koma inda muke kiran baƙo. Karanto a hankali."

Na karanto. Layi ne gajere. Mu nemi ɗan wuri a ɗaki, mu ba baƙo adireshinsa, mu jira amsa.

"Kebur ɗin nan har bakin gulbi ya tafi, amsa ba ta zuwa nan take," in ji shi. "Sa'ad da muke jira, wa ke aiki?"

"Sashen da ke sabunta allo yana rubuta ƙididdiga."

"Shi ke cika ɗaki. In ɗaki ya cika wa zai zo?"

Tun kafin in ba da amsa na ga abin. Mai shara ya zo baƙo yana waje. Ya matsar da ɗan wurin nan zuwa gefe, ya gaya wa duk 'yan gida sabon adireshi, amma bai san da baƙo ba, don baƙo ba ya cikin waɗanda yake kula da su. Baƙo ya dawo ya ajiye amsarsa a tsohon adireshi. Lisp ya leƙa sabon wuri ya tarar da sifili. Sifili kuwa a wurinmu yana nufin babu ruwa. Kawu ya ware wa manhajar ɗaki mai faɗi tun farko, wanda ba ya cika a yini ɗaya, kuma duk magariba Baba yana zare waya, da safe a tashi da ɗaki fanko. Ashe tun da aka kafa turumbar mai shara bai taɓa zuwa ba sai bana.

Na ce, "To an huta. Baba ya koma zare wayar kullum na ɗan lokaci ya mayar, shi ke nan."

"Wannan ba gyara ba ne," in ji Kawu. "Ranar da Baba ya kwanta da zazzaɓi fa? Baba ba zai dawwama a ɗakin turumba ba. Ni ma ba zan dawwama a rumfar ga ba." Mahaifiyata ta ɗauki kofunan shayi ta shige madafa. Ya ci gaba kamar bai gani ba. "Kuma tukuna ma zato muke yi. Kafin ka gyara, sa ta yi ƙaryar a gabanka. Rage ɗakin ya zama ƙanƙane, mai shara ya riƙa zuwa kowane lokaci. In mun yi daidai, ba za ta yi minti biyar ba za ta tsaya."

Wannan ne abin da nake so samari su riƙe. Ciwon da ke zuwa sa'ad da ya ga dama ba a cewa an warkar da shi don ya yi shiru. Sai an koyi kiransa ya zo, sannan a yi magani, a sake kiransa ya ƙi zuwa.

Da la'asar na je ɗakin turumba. Usta Bello yana can yana zuba wa janareta mai. Na haɗa kwamfutar hannu, na rage ɗakin, na kunna. Inji ya ɗauka, ruwa ya fara tafiya a bututu, kafin in gyara zama ya tsaya. Babu ruwa. Na danna, ya ɗauka, ya sake tsayawa. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Usta Bello ya ajiye jarka. "Kai, lafiyarka? Da tana yin kwana, yanzu ko shan shayi ba ta kaiwa, kana hamdala?"

"Usta, na gano inda matsalar take."

"Ka gano ko ka ƙarasa ta?"

Gyaran hanya biyu ce. Ko a kafe ɗan wurin, a ce wa mai shara kada ya taɓa shi har baƙo ya dawo, ko a nemi wuri a wajen ɗakin gaba ɗaya, inda mai shara ba shi da iko. Kawu ya zaɓi ta biyu. Ya ce tunda tambayar ba ta ƙarewa, a ware wa baƙo wurinsa sau ɗaya tun da aka kunna, can zai riƙa ajiye amsa, mu mu kwafo ta cikin gida. Ya faɗa mini layukan da baki, na rubuta, na karanto masa, ya gyara mini baka ɗaya. Duka gyaran bai cika tafin hannu ba.

Ranar Alhamis na ɗora, na bar ɗakin a ƙanƙane yadda mai shara ke zuwa ba ƙaƙƙautawa. Na zauna a bakin ƙofa tun safe har rana ta yi sanyi. Turumba ba ta tsaya ba. Da na koma na gaya wa Kawu, na tambaye shi ko in mayar da ɗakin yadda yake. Ya ce a'a, in bar shi matsakaici yadda mai shara zai riƙa zuwa sau da yawa a yini, don in akwai wani kuskuren irin wannan ya fito da wuri, kada ya sake samun wurin ɓuya na shekaru.

Juma'a bayan salla lajna ta ce a bar waya yadda take. Usta Bello bai yi musu ba, amma ya nuna ni da filaya ya ce, "Ka ji ni da kyau, Sa'idu. Ta sake yi mini ƙarya sau ɗaya, ba ni neman izinin kowa."

Kawu bai ga tsakiyar bazarar ba. Ya rasu wata safiya bayan an yi masa alwala, mahaifiyata tana gefensa. Da ruwan tankin makaranta aka wanke shi. Mutanen unguwarsu ta Hasahisa da ke zaune a azuzuwa suka fito gaba ɗaya, su suka karɓi makara daga hannunmu tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Allah ya ji ƙansa. Abin da ya koya mini shi nake ci, shi 'ya'yana suke ci.

Zafi ya kai matuƙa, albasa ta kusa isa cira, sai wata rana da azahar turumba ta tsaya. Ina gida aka aiko. Kafin in isa mutane sun taru a ƙofar ɗakin, mata da jarkoki, manoma da fartanya. Allo ya ce babu ruwa. Daga saman gaɓa kuwa ga gulbi can yana ƙyalli, faɗinsa bai ragu da yawa ba a ido. Baba Isyaku yana zaune a inuwa, ƙafarsa ta hana shi gangara. Usta Bello yana tsaye gaban akwatin, ya riga ya buɗe murfi, filaya a hannunsa.

"Na gaya maka," in ji shi.

Wani daga baya ya ce, "Yanke, Usta, mun gaji!" Wata mata ta ce ɗanta tun safe bai sha ruwa mai kyau ba. Ni kaina ban san gaskiyar ba. Mai yiwuwa akwai wani kuskuren da ba mu gani ba, kuma yanzu babu wanda zan karanta wa.

Na ce, "Usta, ba zan hana ka ba. Amma mu gangara tare tukuna. In bututu na cikin ruwa, ni da kaina zan riƙe maka wayar ka yanke."

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya yi tsaki. "Mu je. Amma da sauri, rana na cin mutane."

Muka gangara, yashi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Sai da muka zagaye duhuwar da ke ƙasan gaɓa sannan muka gani. Gulbi ya tara wani tudun rairayi tsakaninsa da ramin da bututu yake, ya yanke shi daga babban ruwa. Turumba ta shanye abin da ya rage a ramin. Bakin bututun yana zaune a kan laka, ma'aunin ya bushe har ya yi fari, 'yan ƙananan kifaye suna ta tsalle a ɗan taɓon da ya saura.

Usta Bello ya matsa kusa da ramin. Ya tsuguna ya sa hannu a bakin bututun, ya ciro shi da busasshiyar ciyawa. Sannan ya sa filaya a aljihu, ya juya ya ɗaga murya zuwa saman gaɓa.

"Ya jama'a! Shebur! Duk mai shebur ko fartanya ya gangaro! Kada kowa ya taɓa akwatin nan!"

Mutane suka gangaro, 'yan gari da baƙi, aka jeru aka fara haƙa hanya ta cikin tudun. Har la'asar ana yi. Da aka fasa bakin ƙarshe ruwa ya kwararo ya cika ramin, ya rufe bututun, aka yi wa Baba Isyaku kira daga ƙasa ya danna. Muka ji inji ya ɗauka, da muryarsa ta kullum, ba ƙauri, ba hayaƙi.

Usta Bello yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, laka har gemunsa. Ya saurari injin na ɗan lokaci, kansa a karkace. Ya ce, "Allah ya ji ƙan Muhandis." Waɗanda ke kusa suka ce amin. Sai ya miƙo mini shebur ɗinsa ya ce, "Karɓi, ɗan Hajjo. Gefen can bai yi zurfi ba, gobe zai sake toshewa."